Haƙƙin Ɗan Gudun Hijira A Dukiyarmu

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, tun shekarar 2019 dubban mutane daga jihohin Zamfara, Sakkwato da Katsina suka riƙa tsallako iyaka zuwa jihar Maraɗi, suna gudun 'yan bindigar da ke kisa, da kore dabbobi, da sace mutane don kuɗin fansa. Akasarinsu mata ne da yara. Hukumar HCR da mahukunta sun zaunar da wasu nesa da iyaka, a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, cikin gundumar Gidan Rumji. Wasu kuwa a gidajen talakawa suka sauka. Mu ma a nan Madarunfa masifar ba ta bar mu ba, domin akwai 'yan'uwanmu na ƙauyukan bakin iyaka da suka bar gonakinsu saboda hare-hare. To, mene ne matsayin waɗannan bayin Allah a dukiyarmu?

Amsa ita ce, haƙƙi gare su, ba alfarma muke yi musu ba. A Suratut Tauba, aya ta 60, Allah Ya ambaci kashi takwas na masu cin zakka, a cikinsu akwai faƙiri, da miskini, da matafiyin da guzurinsa ya yanke. Malamai sun bayyana cewa irin wannan matafiyi ana ba shi ko da mawadaci ne a garinsu, matuƙar hannunsa ba ya kai wa ga dukiyarsa. Ina kuma ga wanda aka ƙone masa rumbu, aka kore masa shanu?

Wani zai ce: ai a mazhabar Imam Malik zakka a inda ta wajaba ake raba ta. Haka ne. Amma abin lura shi ne inda mabuƙaci yake, ba takardar ƙasar da yake riƙe da ita ba. Wanda ya kwana a Gabi ko Ɗan Isa, yana shan ruwan rijiyarmu, yana bin sahunmu a masallaci, ya shiga cikin mabuƙatan wurin, ko daga Jibiya ya fito ko daga Zurmi. Kada mu manta, ita kanta sarautar Maraɗi Katsinawan da suka baro garinsu a farkon ƙarni na 19 ne suka kafa ta.

Hanya mafi kusa a wannan wata ita ce zakkar fid-da-kai: sa'i ɗaya, wato mudun Annabi huɗu, a kan kowane mutum, daga abincin da aka fi ci a gari, kamar gero ko dawa. Ya halatta a fitar da ita kwana ɗaya ko biyu kafin Salla. Mu kai ta da wuri, domin uwar marayu ta samu ta daka, ta ɗora tukunya ranar Idi. Mu kuma tuna da mai masauki, wanda ya raba rumbunsa da baƙi har ya koma mabuƙaci, kunya kuwa ta hana shi faɗa.

Sai dai ciyarwa kaɗai ba ta isa ba. Lokacin da Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa a Madina, Abdurrahman hanyar kasuwa ya nema a nuna masa. Mafi yawan baƙinmu manoma ne da makiyaya, ba mabarata ba. Aron gona, da iri kafin damina, da ɗan jari ga mace, da gurbi ga yaro a makaranta, su ne ke mayar wa mutum mutuncinsa.

Mu kiyayi abubuwa uku: tauye musu ladan ƙwadago don mun ga ba su da zaɓi, da gori bayan kyauta, wanda ke ɓata lada, da yi wa kowane baƙo kallon mai kai wa ɓarayi rahoto. Wanda ya ga abin zargi ya sanar da mai gari ko hukuma, kada ya yi wa jama'a kuɗin goro.

Yunwarmu ta azumi da faɗuwar rana take ƙarewa. Tasu ba ta san magariba ba. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci, Ya karɓi ibadunmu. Amin.