Bugun Agogon Maikurokontirola: Abin da Ke Faruwa Idan Ya Fito Waje

Duk maikurokontirola, wato ƙaramar ƙwaƙwalwar nan da ke cikin injin wanki da mitar wuta, tana aiki ne da bugun agogo, kamar yadda 'yan gayya ke ɗaga fartanya da kiɗan ganga. A allon Arduino Uno, maikurokontirola mai suna ATmega328P tana samun bugu miliyan 16 a kowace daƙiƙa, abin da ake kira megahaz 16. Wani lokaci mai haɗa na'ura yakan so wata aisi, wato wani guntun lantarki irinta da ke gefe, ta bi wannan kiɗan, sai ya fito da shi ta ƙafa ɗaya: PB0 a ATmega328P idan an kunna saitin cikinta da ake kira fis ɗin CKOUT, ko PA8 a yawancin maikurokontirola 'yan dangin STM32.

A takarda bugun yakan tashi tsaye, ya dakata, ya faɗo tsaye. Aisin da ke karɓa ba ruwanta da wannan kyan siffa, lokacin da wuta ta tsallake wata iyaka kawai take ƙirgawa. A aisi 'yan dangin 74HC masu aiki da bolt 5, abin da ya haura kusan 3.5 shi ne "sama", abin da ya gaza 1.5 shi ne "ƙasa". Saboda haka bakin bugun, wajen tashi da faɗuwa, shi ne abin dubawa.

Nan ne waya ke shigowa. Bugu mai kaifin baki idan ya bi doguwar waya ya isa ƙarshenta, wani ɓangarensa yakan dawo baya kamar amsa-kuwwa a cikin rijiya. Sai wutar ta zarce, ta dawo, ta yi ta karkarwa kafin ta natsu. In karkarwar ta sake tsallake iyakar, aisin ta ƙirga biyu a inda aka buga ɗaya. Maganin da aka saba ba shi da tsada: rasista mai om 22 zuwa 33, a maƙala ta dab da ƙafar da bugun ke fitowa. In kuma aisi da yawa ne ke jira, nauyi ya yi wa ƙafa ɗaya yawa, bakin ya dakushe, sai a sa aisi mai ƙarfafa bugu a tsakani.

Tushen bugun ma yana da tasiri. Agogon ciki na ATmega328P, mai megahaz 8, daga masana'anta yana iya kaucewa da kashi 10 cikin 100, kiristal da ake haɗawa daga waje kuwa kuskurensa 'yan gomomi ne cikin miliyan.

A ganina, inda aka fi ruɗa masu koyo shi ne wajen awo. Bugu mai kusurwa na megahaz 16 yana ɗauke da na 48 da na 80 a cikinsa, don haka osiloskop, na'urar da ke nuna siffar bugu, in iyakarsa megahaz 20 ce zai nuna shi a lanƙwashe ko da lafiyarsa ƙalau. Doguwar wayar ƙasa ta tsinken awon kuma da kanta tana haifar da karkarwa. Kafin ka zargi aisinka, gajarta wannan wayar ka sake dubawa.