Me ya sa birkin motocin karkara ke saurin lalacewa a arewacin Kano?

Da zarar an gama girbi a yankunan Dambatta da Makoɗa da Bichi da Kunchi, motocin a-kori-kura kan shiga jigilar gero da dawa da gyaɗa da wake daga ƙauyuka zuwa kasuwanni, ciki har da kasuwar hatsi ta Dawanau da ke bakin birnin Kano.

Galibin hanyoyin da suke bi kafin su hau kwalta na burji ne ko na yashi, kuma suna ratsa gonaki da gidaje da ke dab da juna, inda yara da awaki da amalanken shanu ke fitowa ba zato ba tsammani.

A irin wannan wuri, birki shi ne abu na ƙarshe da ke tsakanin direba da asarar rai.

Lodi da gudu

Aikin birki shi ne mayar da ƙarfin tafiyar mota ya zama zafi, ta hanyar gugar faifai ko gangar da ke juyawa tare da taya.

Ƙaramar a-kori-kura irin Toyota Hilux an ƙera ta ne ta ɗauki kimanin tan ɗaya, wato buhu 10 mai nauyin kilo 100. Idan aka ninka nauyin mota da kayanta, zafin da birki zai sha ya ninka. Idan kuwa gudu aka ninka, to zafin kan ninka sau huɗu, haka ma tazarar da motar za ta ci kafin ta tsaya.

Motar da ke gudun kilomita 60 a sa'a kan shafe kusan mita 17 a cikin daƙiƙa ɗaya, tun ma kafin direba ya kai ƙafarsa kan birki.

Ƙura da ruwa

Yawancin waɗannan motoci faifai ne a tayoyin gaba, ganga a na baya. Ganga a rufe take, saboda haka yashi da taɓon da suka shiga cikinta ba su fita da sauƙi, sai su yi ta cin takalmin birki.

Da damina, musamman a watan Agusta, motar da ta ratsa rafi ko kududdufi birkinta kan ƙi kamawa na ɗan lokaci. Maganin wannan shi ne direba ya riƙa ɗan taɓa birki yana tafiya a hankali har ya bushe.

Man birki

Man birki yana zuƙar danshi daga iska sannu a hankali. Bisa ƙa'idar da ma'aikatar sufurin Amurka ta shimfiɗa, wadda ake rubutawa a jikin gwangwani, sabon mai samfurin DOT 3 bai kamata ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Selshiyos ba, amma idan ya sha danshi yana iya tafasa a digiri 140. Na DOT 4 kuwa digiri 230 ne da 155.

Idan man ya tafasa sai ya yi tururi a cikin bututu, direba ya taka birki ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Wannan na daga cikin abubuwan da ake kira shanyewar birki, kuma shi ya sa kamfanonin ƙera motoci da dama ke cewa a sauya man duk shekara biyu.

Zuba ruwan sabulu ko baƙin man inji a madadinsa, kamar yadda wasu kan yi idan sun maƙale a daji, ganganci ne. Ruwa na tafasa a digiri 100 kuma yana kawo tsatsa, baƙin mai kuma yana kumbura robobin da ke riƙe matsin birki. Haka nan toshe bututun tayar da ke yoyo na sa mota ta karkace gefe guda idan aka taka birki.

Ina ya kamata a fara gyara?

Mai motar da ke son ƙara wa birkinsa ƙarfi ba lallai ne ya fara da manyan faifai masu tsada ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne takalman birki masu inganci, da sabon mai, da sauya bututun roba da suka tsattsage, da kuma auna kaurin faifai da ganga. Ana sauya takalman hagu da dama ne a tare.

A kasuwannin kayan gyara irin ta Ƙofar Ruwa a Kano ana samun kaya iri-iri, masu tsada da masu araha. Takalmin jabu kan yi aiki yana sanyi, amma ya gaza idan ya ɗauki zafi, wato daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Akwai kuma gyare-gyaren da ke raunana birki ba tare da mai mota ya sani ba. Sanya tayoyin da suka fi na asali girma na rage ƙarfin kamun birki. Ƙara sifirin a baya domin ɗaukar kaya da yawa kuma na iya rikita wata na'ura da ke cikin yawancin a-kori-kura, wadda ke ƙara wa birkin baya ƙarfi gwargwadon yadda lodi ya danne motar. Idan bayan motar bai sauka ba, sai na'urar ta ɗauka babu kaya, galibin wahalar ta koma kan tayoyin gaba.

Hatta na'urar ABS, mai hana tayoyi ƙamewa, kan tsawaita tazarar tsayawa a kan yashi da tsakuwa, ko da yake tana bai wa direba damar ci gaba da sarrafa sitiyari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na shekarar 2023 kimanin mutane miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce ta fi shan wannan asara.

A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa a 1988 na lissafa shanyewar birki da lodi fiye da kima cikin musabbaban haɗurra. Sai dai sintirinta ya fi yawa a manyan tituna, don haka a hanyoyin ƙauye alhakin duba birki kafin a yi lodi na wuyan direba da mai mota da makanikensu.