RANAR TASHI: YADDA MA'AIKACI KE BARIN GIDA A ƘASAR RARA

Kowane akawu da kowane malamin makaranta ya sani, ran da ya kama aiki ran nan ya ɗaura wa kansa ɗamarar tafiya. Yau kana Rara, gobe takarda ta iso an ce ka koma Wurno ko Goronyo, ba kuwa mai tambayarka ko geron gonarka ya nuna. Wannan ba yau aka fara ba. Marigayi Sardaunan Sakkwato, Alhaji Ahmadu Bello, malami ne a Midil ta Sakkwato tun 1931, aka ɗauke shi aka kai shi Rabah hakimi cikin 1934, cikin 1938 kuma aka mai da shi Gusau. An rushe tsarin En'e cikin 1976, ƙananan hukumomi suka gaje shi, amma canjin wurin aiki yana nan yadda aka san shi. Abin da muke so mu duba shi ne ranar tashin ita kanta, don a cikinta ne ake asarar kayan da aka yi shekaru ana tarawa, wani lokaci har da mutunci.

Da fari sai a dubi lokacin shekara. Shekarar makaranta cikin Satumba take farawa, saboda haka sau da yawa takardar canji takan sami malami a ƙarshen damina, daidai lokacin da gulabe suka cika, fadamu suka jiƙe, hanyoyin ƙauye suka zama taɓo. Mutanen wannan yanki ba su manta da Satumbar 2010 ba, sa'ad da ruwa ya yi yawa a gulbin Rima, ya cinye garuruwa a ƙasar Goronyo da ƙasa da ita, har ya yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Wanda ya ɗora iyalinsa da hatsinsa kan buɗaɗɗiyar mota a irin wannan wata, ba tare da tamfol ba, ya sa kansa cikin kasada. Ga kuma dawa ba ta isa yanka ba sai wajen Nuwamba. A ganinmu, da hukumomi za su riƙa jinkirta canjin da ba na gaggawa ba zuwa hutun Disamba, lokacin da hanya ta bushe aka kuma gama kaka, da sun kyauta wa ma'aikatansu ba tare da sun kashe ko kwabo ba. In kuwa tilas ne, gara maigida ya tafi shi kaɗai ya kama aiki, ya bar iyali sai an girbe.

To, an sa rana. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka aikin tashi na ranar tashi ne. Ba haka ba ne, aikin jajibiri ne da kwanakin da suka gabace shi. Uwargida tana bukatar kwana biyu ko uku ta sauke jerenta, ta nannaɗe kwanoni da tasoshi cikin tsummoki, ta shirya su cikin adaka. Wanda ya matsa mata da safe zai ji ƙarar fashewa, zai kuma daɗe yana jin maganarta. Hatsin rumbu a sussuke shi a ɗura buhu, don dami cin wuri gare shi a mota. Kaji kuwa da dare ake kama su cikin akurki. Kowa ya taɓa ganin babban malami da rawaninsa yana bin zakara bayan gida, direba na ta danna ƙaho, ya san dalili.

Batun mota a gama shi tun da wuri, a yi ciniki gaban shaida, a faɗi sa'a. Kada a sa ranar Juma'a, don masu taya lodi za su watse da hantsi. Ranar kasuwa ma motoci duk suna kan buhunan albasa da tafarnuwa da shinkafa, sai ka biya ninki. Wajen lodi, masu nauyi ke fara shiga: buhuna, turmi, gado, akwatuna. Randa da tukwanen ƙasa a sa su ƙarshe bisa tabarmi, ko ma a bar wa maƙwabciya, kuɗin sabuwa bai kai ɓacin ran fasasshiya ba. Takardun aiki da na shaidar karatu, da kuɗi, da maganin yara, da buta, waɗannan ba su shiga bayan mota, a jikin mutum suke tafiya.

Iyayenmu sun fi son tashi da dare, don kada idon jama'a ya ƙidaya musu kaya. Kunya ce mai kyau, amma zamani ya hana. Tun harin da 'yan bindiga suka kai Tabanni a ƙasar Rabah cikin Yuli 2018, wanda ya sa jama'a da yawa suka gudu Gandi da abin da ke jikinsu kaɗai, da wanda aka kai kasuwar Goronyo cikin Oktoba 2021, ba mai hankalin da zai sa mata da yara kan hanya bayan faɗuwar rana. A fara lodi bayan sallar asuba, mota ta ɗaga kafin rana ta yi zafi, a sauka kafin la'asar, a sami hasken shimfiɗa da na hura wuta. A tambayi direbobi labarin hanya a safiyar nan, ba labarin jiya ba.

Sauran magana ita ce wadda aka fi raina wa, wato wanda zai gaje ka. Shi ma takarda aka ba shi, shi ma ya yi cinikin mota, watakila yana bisa hanya da iyalinsa. In ka ce sai gobe, a ina za su kwana? Sau nawa aka ga motoci biyu a ƙofar gida guda, ɗaya na jiran saukewa, ɗaya ba a fara lodi ba, matan gida biyu suna hararar juna tun ba su san sunan juna ba? Ku yi magana tun da mako guda, ka bar masa ratar yini ɗaya.

Kafin a ɗaga, a biya mai kanti da mai ruwa da kuɗin wuta in akwai, a mayar da gonar aro ga mai ita da baki, a je a yi sallama da mai unguwa da liman da maƙwabta, a nemi gafara. Kayan hukuma, tebur ne ko kujera ko rajista, a ƙidaya su cikin takarda biyu, kowa ya sa hannu ya riƙe guda. Sa'an nan a share ɗakuna, a kashe murhu, a rufe bakin rijiya saboda yaran unguwa. Makulli kuwa kada a ba yaro, kada a sa ƙarƙashin dutse. A danƙa shi hannun hedimasta ko mai gidan, gaban mutum biyu.