Tuƙin Mota a Ruwan Ambaliya: Abin da Ya Kamata Direban Sabon Birni da Isa Ya Sani

Ƙasar Gobir ta gabashin Jihar Sakkwato, inda ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa suke, mahaɗar gulabe ce, domin a wannan yanki ne Gulbin Bunsuru da na Gagare suke haɗuwa su zama Gulbin Rima, sannan Gulbin Maraɗi ya sake shigowa Nijeriya daga Jamhuriyar Nijar ya zuba a cikinsa. Wannan ne ya sa a watannin Agusta da Satumba akan wayi gari ruwa ya shafe hanya ko da ba a yi ruwan sama a garin ba, saboda ruwan da ya sauka a Zamfara ko Katsina ko Maraɗi nan yake gangarowa. Ambaliyar Satumban 2010, wadda ta biyo Rima ta Madatsar Ruwa ta Goronyo har ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta nuna cewa kwalta da gada ma ba su gagari ruwa ba.

Babban haɗarin yana ƙarƙashin ruwan, inda ido ba ya gani. Ƙasar yankin rairayi ce, kuma ruwa mai gudu yakan zaizaye ta daga ƙarƙashin kwalta ko gefen kwalbati, ya bar ɓawon titi da ba zai ɗauki nauyin mota ba. Masana yanayi sun ƙiyasta cewa ruwa mai gudu da ya kai zurfin santimita 15 yana iya kayar da babban mutum, na santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota irin Golf, na santimita 60 kuwa yana tafiya da a-kori-kura. Saboda haka idan ruwa yana gudu da ƙarfi, ko ya haura rabin taya, ko ba a ganin gefen titi, abin da ya dace shi ne direba ya dakata ko ya juya.

Idan ruwan kwance yake kuma an tabbatar da zurfinsa da doguwar sanda, ko an ga mota irin tasa ta haye lafiya, direba zai shiga ne bayan ta gabansa ta fita, ya sauke gilasai, ya bi tsakiyar titi inda ya fi tudu, ya sa giya ta ɗaya, ya riƙe totur daidai ba tare da tsayawa ba. Gudu a cikin ruwa yana tayar da igiya wadda takan kai bakin bututun da inji yake shaƙar iska, kuma nan ne mafarin asara. Injin mota yana aiki ne ta hanyar matse iska da fetur a cikin silinda, ruwa kuwa ba ya matsuwa, don haka da zarar ya shiga sai fistan ya ci karo da shi, sandar da ke riƙe da fistan ɗin ta lanƙwashe ko ta karye. Dalili ke nan da ya sa motar da ta mutu a cikin ruwa ba a sake tayar da ita. Fasinjoji su fita zuwa tudu tukuna, sannan a jawo ta.

Bayan hayewa, direba zai riƙa taka birki a hankali yana tafiya har ya bushe. Motar da ruwa ya shiga kuwa, a cire mata kan batir, makanike ya kwance fulogogi ya fitar da ruwan silinda, ya duba matatar iska da man giya, ya kuma duba baƙin mai, wanda yakan koma launin shayi da madara idan ya gauraya da ruwa. Na'urar lantarki da ke sarrafa injin motocin zamani, wadda ake kira ƙwaƙwalwar mota, tana buƙatar bushewa sarai kafin a mayar da wuta, haka nan laka da ta maƙale a ƙasan mota a wanke ta da wuri don gudun tsatsa.

Akwai wani matsi da ya keɓanta ga direbobin wannan yanki, wato matsalar tsaro, wadda ta sa ba mai son dare ya riske shi tsakanin Sabon Birni da Isa ko a hanyar Shinkafi, har tsoron 'yan bindiga yakan tura direba cikin ruwan da hankalinsa bai kwanta da shi ba. Maganin wannan yana tasha: a yi sammako, a tambayi direbobin da suka iso halin da hanya take ciki, shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW kuma su riƙa sanar da hasashen yanayi na hukumar NiMet, su hana lodi ranar da gulbi ya kawo. Fasinjoji ma su daina zuga direba da cewa wasu sun wuce. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma asarar kasuwar yini ɗaya ta fi asarar rai sauƙi.