Idan Ka Fita da Yara, Kai Ne Malam, Kai Ne Unguwa

Waɗanda suka yi wayo a Kano a shekarun 1970 zuwa farkon 1980 sun san lokacin da Bompai, Sharaɗa da Challawa ke ɗaukar ma'aikata ba dare ba rana. Masaƙu, kamfanonin jima, na robobi, na alewa, na man gyaɗa, kowanne da jiniyarsa da layin kekunan ma'aikata a bakin ƙofa. Daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, abubuwa suka fara ja da baya. Darajar naira ta faɗi, wutar lantarki ta zama sai an gani, atamfar waje ta cika Kantin Kwari. Kamfanoni da yawa suka rufe, wasu aka mayar da su ɗakunan ajiyar kaya. Mai walda, mai gyaran injin, direba, akawu, kowa ya shiga neman mafita, kuma mafitar wasu ita ce jirgi: Saudiyya, Dubai, Libiya, Aljeriya, sai kuma 'yan boko da suka nufi Ingila, Malesiya ko Turkiyya da sunan ƙarin karatu.

A da magidanci shi kaɗai yake tafiya, ya riƙa aiko da na cefane. Yanzu da yawa so suke su tafi da iyali, kuma babu laifi a cikin wannan. Abin da nake so mu duba shi ne lissafin da ake yi kafin tafiyar. Ana lissafa kuɗin biza, tikiti, hayar gida da abinci. Da wuya ka ji wanda ya zauna da matarsa suka tambayi juna: wa zai koyar da yaran nan?

Tambayar ba ta zuwa mana ne domin a gida ba mu taɓa buƙatarta ba. Yaron da ya tashi a Gama, Tudun Wada ko Dakata ba iyayensa kaɗai ke koyar da shi ba. Kaka tana yi masa tatsuniya. Maƙwabciya tana tsawata masa idan ya wuce bai gaishe ta ba. Da asuba ya ɗauki allo, da la'asar ya tafi islamiyya, da yamma ya fita ƙofar gida a yi langa. Hausa tana shiga kunnensa daga mai kayan miya, daga ɗan adaidaita, daga rediyon mai shayi. Babu wanda ya zaunar da shi ya ce yau za a koyi yadda ake gaida babba, amma ya iya. Ranar da jirgi ya tashi daga filin Malam Aminu Kano, duk waɗannan malamai an bar su a ƙasa. Waɗanda suka rage mutum biyu ne, ɗaya kuma yana fita aiki tun duku-duku, sai bayan isha'i ya dawo a gajiye.

Saboda haka nauyin kan uwa yake sauka, kuma ya kamata maza su ji wannan da kyau. Matar da ta saba da gidan yawa, yau ga ta a ɗaki biyu a hawa na shida, ba ta jin yaren maƙwabta, ba mai riƙe mata goyo ta yi wanka. Ita ce mai girki, ita ce malamar Hausa, ita ce malamar allo, ita ce abokiyar wasa. Idan gajiya ta kai mata iya wuya, abin da ke kusa shi ne ta miƙa wa yaro waya don ta samu ta numfasa. Ban ga laifinta ba. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Bayan batun lafiya, akwai na harshe: abin da yaron ke kallo ba da Hausa yake magana ba.

Yadda Hausa ke zamewa daga bakin yaro ba a dare ɗaya ba ne, shi ya sa iyaye ba sa farga. Yaro ya je can yana ɗan shekara uku, bakinsa tar da Hausa. Aka sa shi makaranta. Bayan 'yan watanni ya fara sako kalmomin Turanci ko Larabci a tsakiyar magana, iyaye suna dariya, har a ɗauke shi a waya a tura wa dangi. Sannu a hankali sai ka yi masa magana da Hausa ya amsa da yaren makaranta. Kai kuma kana sauri, sai ka bi shi a kan yaren nasa don a gama magana. Ƙaninsa da aka haifa can ya fi shi shiga haɗari, domin shi daga bakin yayansa yake koyon magana, yayan kuwa ya riga ya sauya. A ƙarshe sai a samu yaro mai ji amma ba ya mayarwa. Hajiya ta kira daga Kano, a miƙa masa waya, ya ce "ina kwana", daga nan shiru, sai murmushi.

Wata masaniyar harshe, Annick De Houwer, ta wallafa wani bincike a 2007 kan iyalai kusan 1,900 a ƙasar Beljiyam, waɗanda ake magana da wani harshe a gidajensu ban da harshen gari. Ta samu cewa kusan yaro ɗaya cikin huɗu ba ya magana da harshen gidan nasu, duk da yana jin sa. Gidajen da harshen ya fi tsira su ne waɗanda uwa da uba duka suke yin sa a gida. Ke nan idan Maigida ya ce shi Turanci zai riƙa yi wa yara don su goge, Hausa kuma aikin uwarsu ne, ya rage wa Hausar ƙarfi da hannunsa.

Nan ne ma wani kuskure yake shigowa, wanda wani lokaci daga bakin masu ilimi ake jin sa: wai harshe biyu yana rikita yaro, yana jinkirta masa magana, gara a bar Hausa sai ya ƙware a yaren makaranta. Mu da muka tashi a Kano bai kamata a ruɗe mu da wannan ba. Yaran Sabon Gari nawa ne suka tashi da Ibo ko Yarbanci a gida, Hausa a waje, Turanci a aji, ba abin da ya same su? Yaren makaranta ba ya buƙatar taimakonka, yana da malamai da abokai da talabijin. Wanda ba shi da kowa sai kai shi ne na gida. Idan kuwa yaro ya yi jinkirin magana a duka harsunan biyu, wannan na likita ne, a kai shi a duba kunnensa.

Misali ma yana nan kusa da mu. Kwarori sun haura shekara ɗari a Kano, tun bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, har ga titunan Beirut da Lebanon suna ɗauke da sunan babban birninsu da na ƙasarsu. Jikokinsu da ke riƙe da masana'antu a Bompai da Sharaɗa, wasunsu in suna Hausa ta bayan labule ba za ka ce ba Bakano ba ne. Amma da yawansu in sun koma gida Larabci ake yi a kan abinci, lokacin hutu kuma a tura yara wurin kakanni. Indiyawa da 'yan Sin da suka zo daga baya haka suke yi. Muna ganin wannan kullum, muna cewa mutanen nan akwai riƙo da al'ada, amma ba mu lura cewa aiki ne suke yi da gangan ba.

Wani zai ce ai Hausa ba ta ɓata, ga Hausawan Sudan, ga na zangon Kumasi da Nima a Gana, ga na unguwar Briketeri a Yawunde. Gaskiya ne. Sai dai waɗannan gari guda suka tashi. Mutanen da suka bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a gaɓar Shuɗin Nilu, sun tafi da malamansu da tsofaffinsu da mahautansu. Unguwa suka ɗauka suka sauke a wani wuri. Kai da za ka sauka a Manchesta da mata da yara biyu, ba wannan gatan gare ka ba. Idan akwai gidajen Hausawa uku ko huɗu a garin, ku nemi juna, ku riƙa haɗa yara ko da ranar Asabar ce kawai. Yaro ba ya ganin darajar harshen da iyayensa kaɗai ke yi, sai ya ji shi a bakin sa'ansa.

A cikin gida kuwa, abin ba ya buƙatar allo da alli. A tsayar da ƙa'ida cewa a wurin cin abinci Hausa ake yi. Idan yaro ya amsa da wani yare, kada a yi masa tsawa ko dariya, a maimaita masa maganar da Hausa a ci gaba da hira. A aike shi: ɗauko mini ludayi, rufe ƙofa, kira yayarka. A yi tatsuniya kafin barci, ko da ta Gizo da Ƙoƙi ce guda ɗaya ake ta maimaitawa, yara ba sa gajiya da maimaici. Kiran kaka ya zama yana da rana da lokaci, kuma a bar su su yi hirarsu, ba gaisuwa kawai a karɓe waya ba. Kafin a tashi a shiga Sabon Gari ko Kurmi a sayi littattafan koyon karatun Hausa na 'yan firamare a sa a akwati, domin can ba za a same su a kanti ba.

Karatun Alƙur'ani shi ma yana son shiri. Makarantun allonmu da ruwayar Warshu suke karantarwa, da irin rubutunmu na gida, alhali a Saudiyya da Masar da yawancin masallatan Turai Hafsu ake yi. Duka biyun ingantattu ne, amma ƙaramin yaro da uba ke biya masa da Warshu, malamin masallaci kuma yana gyara masa da Hafsu, zai rikice. A zaɓi ɗaya a tsaya a kai har ya yi ƙwari. Masu ɗaukar malami ta intanet kuma, ku san wane ne shi ta bakin wanda kuka yarda da shi, kuma kada a kulle yaro shi kaɗai a ɗaki da baƙo a waya. A zauna a falo inda uwa ke jin abin da ake faɗa.

Sai batun doka, inda rashin sani ke jefa mutane cikin wahala. Duk wanda ya ce tunda makarantun can ba su yi masa ba, zai ajiye yaransa a gida ya koyar da su da kansa, sai ya bincika. A Ingila doka ta yarda da hakan. A Jamus haramun ne, ana cin tarar iyaye. A Faransa tun 2019 karatu ya zama tilas daga shekara 3, kuma tun 2022 sai da izinin hukuma ake koyar da yaro a gida. Bulala ma haka. Suwidin ta hana dukan yara tun 1979, Sukotlan ta bi sahu a 2020, Wels a 2022. Ko a inda ba a hana gaba ɗaya ba, malamar aji da ta ga shatar dorina a jikin yaro za ta sanar da hukumar kula da yara, daga nan kuma magana ta fita daga hannunka. "Haka aka yi mana muka zama mutane" ba hujja ba ce a gaban alƙalinsu.

Tafiya da iyalin ma ba ko'ina take da sauƙi ba. Tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai 'yan waje zuwa da iyalansu, in ban da masu digirin bincike, a watan Maris na shekarar kuma ta hana masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya. Saudiyya ta sa haraji a kan iyalan ma'aikata baƙi tun Yulin 2017: ya fara da riyal 100 a wata kan kowane mutum, ya kai riyal 400 a 2020. Mai mata ɗaya da yara uku zai biya riyal 1,600 duk wata, kafin a zo kuɗin makaranta. Duk dillalin da ya ce maka ka je da bizar Umara kawai, in an isa za a san yadda za a yi, ka tambaye shi makarantar da za ta karɓi yaron da ba shi da igama, wato takardar izinin zama. Kano ta sha ganin yaran da aka haifa a Makka ko Jidda ba takarda, suka girma ba aji, aka kamo su da iyayensu aka dawo da su garin da ba su taɓa gani ba.

Haihuwa a ƙasa kuma ba ita ce zama ɗan ƙasa ba. Saudiyya ba ta ba ɗan baƙo ƙasa don an haife shi a can, Birtaniya ma ta daina bayarwa kai tsaye tun 1983. Abin da yaron yake da shi tabbas shi ne Nijeriya, domin sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, matuƙar uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Amma haƙƙin sai da shaida. A karɓi takardar haihuwa daga hukumar ƙasar da aka haihu, a je ofishin jakadancin Nijeriya a yi masa fasfo da lambar NIN, wadda tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita. A tabbata rubutun sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a kowace takarda, domin Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da mutum watanni.

A riƙa adana sakamakon kowane zangon karatu da katin rigakafi, a ɗauki hotonsu a tura wa wani ɗan'uwa a gida. Waɗanda yaƙin Sudan ya rutsa da su a Afrilun 2023 da jaka ɗaya suka fito daga Khartum, wasu ta iyakar Masar, kuma makarantar da za ta karɓi yaro a Kano sai ta ga takardar da ke nuna ajin da ya tsaya.