Ma'ajiyar Abubuwa a Kan Sabar Kanka: Ina Gaskiya, Ina Zuƙi?

Ana ta yaɗa magana a tsakanin masu kula da sabar cewa zamanin tsarin fayiloli irin su ext4 da XFS ya wuce, wai duk wanda ya girka MinIO ko Ceph ko Garage a kan injinsa ya samu irin ƙarfin ma'ajiyar S3 da Amazon ya ƙaddamar a 2006, ba tare da biyan haya ba. Akwai gaskiya a cikin wannan magana, amma an cuɗa ta da ƙarya mai iya jawo asarar bayanai.

Gaskiyar ita ce ma'ajiyar abubuwa, wato tsarin da S3 da waɗannan manhajoji ke bi, ta fi dacewa idan fayiloli sun yi yawa ƙwarai. Kowane abu yana da sunansa da bayanan da ke tare da shi a cikin bokiti guda, ana kiransa ta hanyar HTTP, kuma ana iya ƙara injuna ba tare da rushe tsarin ba. Facebook ya bayyana wannan matsala a takardarsa ta Haystack a 2010: neman hoto guda a tsarin fayiloli na gargajiya yana cin karatun faifai sau da yawa, don sai an bi ta bayanan folda kafin a kai ga hoton. Don magance haka, suka tara hotuna masu yawa cikin manyan fayiloli, suka riƙe jadawalinsu a ƙwaƙwalwar inji. A kan wannan tunani aka gina SeaweedFS. Ceph kuwa, wanda ya samo asali daga binciken digirin Sage Weil a Jami'ar Kalifoniya ta Santa Cruz, cibiyar CERN na amfani da shi wajen adana tarin bayananta.

Ƙaryar tana farawa ne daga zaton cewa manhajar ce ke kawo tsaron. Tsaron S3 ya fito ne daga rarraba bayanai a cibiyoyi aƙalla uku da ke nesa da juna. MinIO a kan faifai ɗaya a ofis ɗaya bai fi faifan nan ƙarfi ba, idan ya mutu, komai ya tafi. Wani zai ce ai Ceph yana ajiye kwafi uku. Haka ne, amma idan ukun suna ɗaki ɗaya, gobara ɗaya ta ishe su, kamar yadda wutar da ta cinye cibiyar OVH a Strasbourg a Maris 2021 ta nuna wa masu ajiye komai a wuri guda. Garage, wanda ƙungiyar Deuxfleurs ta Faransa ta ƙera, an tsara shi ne don a warwatsa injuna a garuruwa daban-daban, kuma a nan ne darajarsa take. Kwafi ma ba madadin ajiyar baya ba ne, domin abin da aka goge bisa kuskure yana goguwa a ko'ina, sai dai idan an kunna adana tsoffin sigogi.

Batun cewa ma'ajiyar abubuwa ta maye gurbin tsarin fayiloli ba daidai ba ne. Ba a gyara ɓangaren abu a wurinsa, sai a sake rubuta shi gaba ɗaya, shi ya sa rumbun bayanai irin PostgreSQL ke buƙatar tsarin fayiloli a ƙarƙashinsa. Mai inji ɗaya da fayiloli kaɗan ya tsaya kan tsarin fayiloli irin ZFS, ya kai kwafinsa wani gini daban.