Yadda makarantun Amurka ke kare ɗalibai daga jabun ƙwayoyi masu kisa

A watan Satumban 2022 aka tsinci gawar wata ɗaliba 'yar shekara 15 a banɗakin makarantar sakandaren Bernstein da ke birnin Los Angeles. 'Yan sanda sun ce ita da ƙawarta sun sha wata ƙwaya ne da suka zaci Percocet ce, wato maganin rage zogi. Ashe jabu ce mai ɗauke da fentanil.

Ba a yi mako biyu ba hukumar makarantun birnin ta sanar da cewa za ta ajiye nalokson, maganin da ke farfaɗo da wanda irin wannan ƙwaya ta sumar, a dukkan makarantunta.

Fentanil magani ne na asibiti, amma ya ninka hodar heroin kusan sau 50 a ƙarfi. Miligiram biyu kacal, abin da bai wuce ya zauna a kan tsinin fensir ba, na iya tsayar da numfashin mutum. Masu safara daga Meziko na buga shi a siffar ƙwayoyin da aka sani, irin su Xanax da Adderall, har da launi da tambari, sannan dillalai su tallata wa yara ta shafukan sada zumunta. A 2023 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka, DEA, ta ce bakwai cikin kowace jabun ƙwaya goma da ta gwada na ɗauke da adadin da zai iya kisa.

Abin da ya fi tayar wa iyaye hankali shi ne, da yawa daga cikin yaran ba 'yan shaye-shaye ba ne. Wani jarrabawa ce ta sa shi gaba, wata barci ne ya gagare ta, sai aboki ya miƙo ƙwaya ɗaya. Wani bincike da aka wallafa a farkon 2024 ya nuna cewa a 2022, matasa kusan 22 masu shekara 14 zuwa 18 ne ke mutuwa duk mako a ƙasar sanadin ƙwaya.

Jihar Texas ta bi ta aji. Dokar da ta kafa a 2023 ta wajabta koyar da haɗarin fentanil daga aji shida zuwa na 12.

Los Angeles kuwa ta ƙara gaba, ta bai wa ɗalibai damar riƙe Narcan, wato nalokson da ake fesawa a hanci, a jakunkunansu. Akwai hikima a nan, domin sau da yawa ɗalibi ne ke fara ganin ɗan'uwansa ya faɗi, kafin labari ya kai ofishin shugaban makaranta. Tun watan Maris na 2023 aka amince a sayar da maganin ba tare da takardar likita ba.

Sai dai aikinsa kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, kuma yaron na iya sake suma. Shi ya sa ake jaddada wa ɗalibai cewa ko ya buɗe ido ya ce lafiyarsa ƙalau, a kira 911.